Kada Danshin Famfas Ya Ruɗe Ku

Jaririya ce, kwananta biyu a duniya. Cikinta ya kumbura tun daga mara har ya haura cibiya. Fatar ta ɗame, tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau. Ka ɗora tafin hannu a ƙasan cibiya, ka ji wani abu zagayayye mai tauri, kamar an kifa ƙoƙo a ƙarƙashin fata. Ta kama nono, ta saki. Ta yi amai, aman kore shar kamar ruwan ganye. Baƙin kashin nan na farko har yanzu shiru. Amma an kwance famfas, an ga ɗan danshi. Sai hankalin 'yan barka ya kwanta. "Ai tana fitsari, alhamdu lillahi. Iska ce ta cika mata ciki. A jiƙa mata ɗauri."

Ɗan danshin nan shi ne abin tsoro. Jaririyar ba fitsari ta yi ba. Mafitsararta ce ta cika ta batse, abin da ya rasa wurin zama yake ɗigowa. Kamar randa ce da aka yi ta zuba wa ruwa har yana bin gefe. Ƙasa ta jiƙe, randa kuwa tana nan cike. Abin da ya fito cokali ne. Abin da ya rage a ciki ya ninka shi sau da yawa. Yana nan kwance, yana tura bango, yana neman hanyar komawa sama.

Likitoci suna kiran wannan lalura ciwon Berdon. A katin asibiti za ku iya ganin an taƙaita sunanta da haruffa biyar, MMIHS. Walter Berdon, likitan hoton yara a birnin New York na Amurka, shi da abokan aikinsa suka fara bayyana ta a 1976, a jikin jarirai mata biyar. Har yau mata sun fi yawa a cikin masu ita, kusan bakwai cikin goma. Alamunta uku ne a haɗe. Mafitsara ƙatuwa, ba tare da wani abu ya toshe hanyar fitsari ba. Babban hanji siriri, tsukakke, saboda bai taɓa aiki ba. Sai hanji gaba ɗaya da ba ya motsin nan da ke tura abinci gaba. Tushensu ɗaya ne. A bangon hanji da bangon mafitsara akwai wani nama mai matsawa da kansa, ba da umarnin mutum ba. Shi ke tura abinci. Shi ke matse fitsari ya fita. A wajen waɗannan yara, naman nan an halicce shi ba ƙarfi. Hanya a buɗe take, mai turawa ne babu.

Kada kowa ya firgita. Ciwon ba shi da yawa ko kaɗan. Waɗanda aka rubuta labarinsu a mujallun likitoci a duk duniya 'yan ɗaruruwa ne. Akasarin jariran da ke kumburin ciki ba shi ke damunsu ba. Sai dai mafitsarar da ba ta juye kanta ba ta tsaya ga ciwon Berdon kaɗai. Yaron da aka haifa da ƙullutu a gadon baya yana iya samunta. Haka jaririn da aka haifa ba dubura. Haka ɗa namiji da wata 'yar fata ta tare masa hanyar fitsari tun yana ciki. Waɗannan kuwa ana ganinsu a asibitocinmu ba dare ba rana. Saboda haka maganar ta shafi gidaje da yawa fiye da yadda sunan ciwon ya nuna.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne hankali ya tafi wuri guda. Ciwon hanji yana da kururuwa. Amai ake gani. Rama ake gani. Tiyata ake shiga, kuɗi ake kashewa, robar hanci da ƙarin ruwa ake kallo. Uwa ta tare a gefen gado, duk addu'arta yaro ya riƙe nono. Mafitsara kuwa ba ta kuka. Ƙoda ba ta ƙorafi. Fitsari ya taru, ya danne bakin bututu biyun da ke sauko da shi daga ƙoda. Wani lokaci ya bi su ya koma sama. Bututun su buɗe, su yi faɗi. Ƙodar ta kumbura da ruwa, namanta ya riƙa sirancewa. Duk wannan yana faruwa yaro yana barci a bayan uwarsa. Ba ihu. Ba jini. Sai ranar da aka yi gwaji aka ce aiki ya riga ya lalace.

Ƙoda ba hanta ba ce, ba ta sake tsiro. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai ƙanana, wajen miliyan guda. Ana gama halittarsu kusan mako na 36 na ciki. Daga nan ba ƙari. Wadda ta mutu ta mutu. Duk ciwon sanyin da ya hau ƙoda yana iya barin tabo. Tabo kan tabo, sai hawan jini tun yaro bai isa shiga firamare ba. Sai ƙarancin jini. Sai girma ya tsaya. Ƙarshenta wankin ƙoda. Duk wanda ya taɓa jinyar babba mai wankin ƙoda ya san abin da ake kashewa a mako, ya san gonakin da aka sayar. Na ƙaramin yaro ya fi wuya nesa ba kusa ba, wuraren yinsa ma ƙalilan ne. Ga kuma wani abu. Yaron da hanjinsa ba ya aiki, rayuwarsa ta rataya ga ruwa da abinci da magungunan da ake ba shi ta jijiya. Ƙoda ce ke daidaita su a jiki. In ta gaza, har maganin hanjin ya rasa madafa.

Yanzu ga ku, iyayenmu kakanni da ungozomomi. Na san da ƙauna kuke yi. Na san hannuwanku sun karɓi haihuwa fiye da yadda za a ƙirga. Amma wannan ciki ba na dannawa ba ne. In aka danna marar jariri don fitsari ya fito, ƙarfin ba ƙasa kaɗai yake bi ba. Yana tura fitsarin sama, zuwa ƙoda, tare da duk ƙwayar cutar da ke cikinsa. Gashi da tsumma mai zafi ba ya ta da naman da ba shi da ƙarfi. Ɗauri da jiƙo kuwa, ina za su? Hanjin ba ya tafiya. Abin da aka ɗura yana nan a ciki, sai ya dawo ta amai, ya sarƙe jariri, ya faɗa huhu. Jaririn da aka ɗura wa jiƙo da safe yana iya kwana da ciwon huhu a kan wanda yake da shi.

Sai aska. A nan zan daɗe, don a nan ake ɓarnar da ba ta gyaruwa. Jaririya mace ta kasa fitsari, sai wani ya ce angurya ce ta tare. A aika a kira wanzami. In ta ɗan tasa, a ce gishiri ne, a yanka. Baba wanzami, don Allah a mai da askar kube. Ba abin da ya tare. Likitocin da suka fara gano ciwon sun duba, hanya a buɗe take sarai. Yanka ba zai ƙara wa mafitsara ƙarfi ba. Abin da zai jawo shi ne zubar jini a jikin da duka jininsa bai cika kofi biyu ba. Zai jawo ƙwayar cuta. Zai iya huda hanyar fitsari ko mafitsarar kanta, a wayi gari yarinya tana yoyon fitsari tun ba ta san sunanta ba. Tabon da zai bari yana iya tsuke ƙofar da nas za ta bi ta sa roba ta ceci ƙodar. Haka tsagar ciki da sakiya, da sunan saifa ko iska. Abin da ya kumbura ɗin mafitsara ce da hanji. Fatar da ke kansu ta yi siriri. Kuskure kaɗan ya isa.

Abin da ke ceton ƙoda ba wani ɓoyayyen sirri ba ne. A juye mafitsara, a kan lokaci, kullum. Ana zura siririyar roba ta hanyar fitsari, fitsari ya fita tas, a zare robar. Bayan awa uku ko huɗu a sake. A 1972 wani likita a Jami'ar Michigan, Jack Lapides, ya nuna wa duniya abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba a lokacin. Ya nuna cewa ba sai a ɗakin tiyata ba, ba sai da kayan da aka dafa ba. Hannu mai tsabta, roba mai tsabta, da kiyaye lokaci sun wadatar. Hujjarsa ita ce, fitsarin da ya kwanta a mafitsarar da ta ɗame ya fi robar haɗari. Tun daga nan wannan dabara ta tsare ƙodar yara da manya masu ɗimbin yawa, har a ƙauyukan da ba wutar lantarki.

Amma tsoron robar kansa haɗari ne, kuma shi ya fi kayar da iyaye. Uwa ta ga robar, jikinta ya mutu. "Ni zan zura wa 'yata wannan?" Maigida ya yi shiru, abin da ke ransa bai iya faɗa wa likita ba. Bari in faɗe shi a fili. Robar ba ta taɓa budurci. Ƙofar fitsari daban, farji daban. Robar ba ta hana 'ya mace haihuwa. Ba kuma ita ke sa mafitsara lalaci ba, kamar yadda ake cewa wai in an saba mata ba za ta ƙara yi da kanta ba. Mafitsarar da ma can ba ta yi. Masu cewa a bari ta koya, ƙoda suke sa wa a caca ba su sani ba.

Ga yadda abin yake a hannun uwar da ta ƙware. Ƙarfe biyu na dare. Ta kunna fitilar waya, ta jingina ta da filo. Ta wanke hannu da sabulu, har tsakanin yatsu. Ta kwantar da yarinya a kan leda da tsohon zani. Ta goge gabanta da ruwa mai tsabta, daga gaba zuwa baya, ba ta komawa. Ta shafa wa bakin robar man tsantsi na asibiti. Ta zura a hankali, tana yi wa yarinyar magana ƙasa-ƙasa. Fitsari ya fara zuba a kofi mai layin awo. Ba ta gaggawa. Ta jira ya tsaya. Ta ja robar kaɗan, wani ya ƙara zubowa, ta sake jira. Sannan ta zare. Ta ɗaga kofin a gaban haske, ta duba launi, ta duba layi, ta rubuta a littafi. Minti biyar. Yarinyar ko farkawa sosai ba ta yi ba. Taɓa marar yanzu, ta yi laushi kamar ta kowane yaro. Wannan aiki ba daga takarda ake koyonsa ba, ba kuma daga bidiyon waya ba. Nas ko likita ne zai kama hannunki, ki yi a gabansa sau da yawa, ya zaɓa miki girman robar da ta dace, galibi lamba 6 ko 8 ga ƙananan yara. In roba ta ƙi shiga, ba a tura ta da ƙarfi. A zare, a huta, a sake. In ta ƙi har lokaci ya wuce, asibiti.

Man da ake shafawa ma akwai magana. Ba basilin ba. Ba man kaɗanya ba, ba man ja ba, ba yawu ba. Mai narkewa a ruwa ake so, irin K-Y. Yaran da ake yawan yi wa tiyata kuma jikinsu kan ƙi robar danƙo, irin ta safar hannun asibiti. In kun ga ƙuraje ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan an taɓa yaro da ita, ku faɗa nan take a canja.

Tsallake lokaci wani ramin ne. Da farko kowa yana kiyayewa. Wata uku, wata shida, sai gajiya ta shigo. Yau biki. Gobe tafiya. Jibi baƙi sun cika ɗaki, ana jin nauyin a kwance yaro a gabansu. "Sau ɗaya dai ba komai." Mafitsara ba ta san biki ba. Ƙoda ba ta hutun dare. Yaron da ake ba ruwa ko abinci ta jijiya da daddare ma, a lokacin ne fitsarinsa ya fi yawa. Shi ya sa wasu likitoci kan ce a bar robar a ciki har asuba, tana zuba a jaka. Ku tambaya ko naku yana bukatar haka. Kuma kada aikin ya zama na mutum ɗaya. In uwa kaɗai ta iya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita fa? Ranar da ta tafi haihuwa fa? Maigida, wannan ba aikin mata ba ne, aikin mai ɗa ne. Ka koya. Kaka ta koya, ko ƙanwar uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ajiye roba ta biyu da ta uku a gida kullum, don ranar da ta ƙare ba lalle a samu girmanta a kemis ɗin unguwa ba.

Littafin nan da uwa ke rubutu a ciki, kada a raina shi. Likitoci suna da lissafi mai sauƙi na abin da mafitsarar yaro ta kamata ta ɗauka. A ƙara ɗaya a kan shekarunsa, a ninka da 30. Ɗan shekara huɗu ke nan mililita 150, bai kai kashi ɗaya cikin uku na ledar fiya-wata ba. In kullum abin da ke fita ya zarce abin da likita ya ƙayyade muku, tazarar ta yi yawa, a matso da ita. In kuwa fitsari ya ragu ƙwarai, ya yi duhu, to ruwan jiki ne ke ƙarewa, ko ƙoda ta fara gajiya. Ba wanda zai gane wannan da ido kawai. Alƙalami ne ke kama shi.

Zazzaɓi. A wajenmu duk zafin jiki na cizon sauro ne sai an tabbatar ba shi ba ne. Ga yaro mai wannan lalura, wannan zato yana kisa. A ba shi maganin maleriya, a jira kwana uku. A cikin kwana ukun ƙwayar cuta ta tashi daga mafitsara, ta kama ƙoda, ta faɗa jini. Jariri ba zai ce bayansa na ciwo ba. Zai ƙi nono ne. Zai yi laushi. Zai yi ta barci, ko ya yi ta kukan da ba a san kansa ba. Wani ma jikinsa sanyi zai yi maimakon zafi. Ku sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada. Jaririn da bai kai wata uku ba, in ya kai digiri 38, asibiti a daren, ba da safe ba. Yaron da aka dasa wa roba a babbar jijiya don abinci, kowane zazzaɓi nasa na gaggawa ne, ko shekarunsa nawa. A gwada maleriya, ba laifi. Amma a ɗebi fitsari a kai ɗakin gwaji kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. In an fara magani kafin a ɗiba, gwajin na iya fitowa ba komai, a rasa sanin wace ƙwaya ake yaƙa.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Kusan duk yaron da ake sa wa roba, in aka gwada fitsarinsa za a ga ƙwayoyi. Wani lokaci ya yi gauraye, ya yi ɗan wari. In yaron garau yake, yana wasa, ba zazzaɓi, ba amai fiye da na kullum, wannan kaɗai ba ya nufin a ɗura masa magani. Sau da yawa abin da ake bukata a ƙara yawan juyewa, a duba ruwan jikinsa, a kira likitansa. Amma me ake yi? A ruga kemis. Wannan wata Septrin, wata mai zuwa Augmentin, na gaba allura. Kowane zagaye yana kashe raunanan ƙwayoyi, ya bar masu taurin kai. Ranar da ciwo na gaske ya zo, a nemi maganin da zai ci a rasa. Wasu yaran likita kan ɗora su a kan ɗan magani kullum don rigakafi. Wannan hukuncin likita ne, ba na maƙwabciya ba.

Malam mai kemis, kai ma ga naka. In an ce maka yaro yana da matsalar mafitsara ko ƙoda, ka janye hannu daga ibuprofen da diclofenac. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, balle ga yaron da ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Allurar genta tana da amfani a asibiti, inda ake auna nauyi a lissafa, ana duba jini. A bayan kanta kuwa tana iya ƙone ƙoda, ta kashe ji. Akwai maganin da ake ba masu yawan fitsarin kwance don ya sassauta mafitsara, irin oxybutynin. Ga wannan yaro yana iya ƙara kwantar da hanjin da da ma ba ya motsi. Kada a ba shi don an ga famfas na jiƙewa. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙori na My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya lalata ƙodar yara a Nijeriya, aka rasa fiye da 80. Yawancinsu da ƙoda lafiyayya suka sha shi. Ina ga wanda tasa ta riga ta raunana?

Ƙishirwa ma abokiyar gaba ce. Yawancin yaran nan suna asarar ruwa ta amai, ta robar ciki, ko ta ƙofar da aka buɗe musu a ciki don fitar kashi. Ga zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40. Ruwa ya ragu, fitsari ya yi kauri, ƙwayar cuta ta samu wurin zama, tsakuwa ta fara ƙulluwa. Ku duba maɗiga ko ta faɗa. Ku duba ido, ku duba leɓe. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita. Wanda hanjinsa ke karɓa, likita zai faɗi yadda za a ba shi ruwan gishiri da sukari. Wanda ba ya karɓa, ƙarin ruwa ne, kuma ba a jira sai ya galabaita.

Wani lokaci robar ba ta wadatarwa, ko iyaye sun kasa, ko ciwon sanyi ya ƙi ƙarewa. Sai likita ya ce za a buɗe wa mafitsara 'yar ƙofa a mara, tsakanin cibiya da ƙashin gaba, fitsari ya riƙa zuba a famfas. Iyaye da yawa a nan suke gudu. Su sa hannu a takarda su ɗauke yaro. Kada ku gudu. Ƙaramin aiki ne, kuma ana iya rufe ƙofar daga baya. Sai dai ita ma ba a yi mata sakaci. Tana iya tsukewa. Jan naman mafitsara yana iya leƙowa waje. Fatar gefen tana iya saɓulewa in ba a tsane ta ana shafa mata man kariya ba. Kuma da yake mafitsarar ƙatuwa ce mai laushi, fitsari kan kwanta a ƙasanta duk da ƙofar, har sai an riƙa zura roba ta nan. In yaro ya girma akwai wata dabarar, wadda likitan Faransa Paul Mitrofanoff ya bayyana a 1980. Ana ɗaukar afendis a yi 'yar hanya da shi daga mafitsara zuwa cibiya ko gefen mara, yaro ya riƙa sa wa kansa roba a zaune ko a tsaye. Don haka in za a yi wa jaririnku tiyatar hanji, ba laifi ku tambayi likita ko za a iya barin afendis ɗin saboda gaba.

Samun sauƙi ma yana yaudara. Yaro ya yi ƙiba, ya fara tafiya, sai a daina zuwa asibiti. Kuɗin mota ya yi yawa, layi ya yi tsawo, ga shi kuma lafiya lau. Na fahimta. Amma ƙoda tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta yaro yana guje-guje a tsakar gida. Sikanin ƙoda da mafitsara, gwajin jini, da awon hawan jini, su ne idon da ke gani kafin a makara. Ranar da aka rubuta muku a kati, ku riƙe ta kamar ranar biyan bashi.

Sannan makaranta. Yarinya ta kai shekara bakwai, ta iya sa wa kanta roba. Amma banɗakin makaranta ba ƙofa, ba ruwa. Tana jin kunyar 'yan ajinsu. Sai ta daina sha da safe, ta riƙe tun daga fita har tashi. Awa shida, awa bakwai. Iyaye ba su sani ba. Ku je ku sami shugaban makaranta da malamar aji, a keɓe. A ba ta wuri mai rufi da buta da sabulu, da izinin fita ba sai ta yi bayani a gaban kowa ba. Haka a Islamiyya. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya saboda warin fitsari zai gwammace ya cutar da ƙodarsa da a sake.

Kada a ɗora wa uwa laifi. Ba abin da ta ci ba ne. Ba wankan dare ba ne, ba maita ba, ba sammu ba. Tun 2014 masana suka gano cewa da yawa daga cikin masu ciwon, canji ne a wata ƙwayar gado da ake kira ACTG2, kuma sau da yawa a jikin yaron ya fara, iyaye ba su da shi. Akwai kuma nau'in da sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, kamar yadda AS da AS kan haifi mai sikila. A irin wannan, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ya fi faruwa inda ma'aurata 'yan'uwa ne, kuma auren zumunci ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ba kira nake a raba aure ba. Cewa nake, gidan da aka taɓa rasa jariri da kumburin ciki da koren amai, ciki na gaba ba na zama a ɗaki ba ne. A je awo da wuri. A gaya wa likita abin da ya faru a baya. A yi sikanin, musamman wajen mako na 20. Mafitsarar ɗan tayi in ta yi girma ana ganinta ƙarara. A ciwon Berdon ruwan mahaifa yakan kasance daidai ko ma ya yi yawa, saɓanin toshewar hanya, inda yakan ragu. In an ga haka, a shirya haihuwa inda akwai likitan tiyatar yara, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. Haihuwa a gida, sannan a fara neman mota bayan kwana uku, ita ce hanyar da ta fi cin rai.

Ba zan ɓoye muku ba, ɓangaren hanji yana da nauyi. Mai tsanani ba ya rayuwa sai da abinci ta jijiya na dogon lokaci, wani sai da dashen hanji. A Turai da Amurka waɗannan sun sa yara da yawa da a da ba sa kai shekara guda yanzu suna girma. A wajenmu suna da tsada, suna da wuyar samu. Akwai jariran da za a yi duk abin da za a iya, Allah ya karɓi abinsa. Amma ciwon hawa-hawa ne. Akwai waɗanda hanjinsu ke karɓar abinci kaɗan-kaɗan, su rayu, su yi wayo. Irin waɗannan, abin baƙin ciki ne a ce hanji ya bar su, ƙoda ta tafi da su, alhali kariyarta roba ce da sabulu da agogo. Ma'aikatan lafiya na karkara, ku ne ƙofar farko. Jariri mai kumburin mara, kada a tsaya ga tambayar ko yana fitsari. A taɓa marar. A sa roba a ga abin da zai fito. In ya fito da yawa, a bar robar a ciki, a lura da shi, don bayan an sauke mafitsarar da ta daɗe a cike ƙoda kan yi ta zubar da ruwa har jariri ya bushe.

Wanda ke da irin jaririyar nan a ɗaki yanzu, ga abin yi. Jariri ya kamata ya yi fitsari sosai a cikin awa 24 na farko, ya yi baƙin kashi kafin awa 48. Koren amai kuwa ko sau ɗaya ne, ba a kwana da shi. Kada a jira suna. Kada a jira mai jego ta gama wanka, ko maigida ya dawo daga kasuwa. A daina ba ta komai ta baki. A lulluɓe ta, a riƙe ta a gefe don kada amai ya sarƙe ta. In babban asibiti da nisa, a tsaya a mafi kusa a sa mata ƙarin ruwa da robar hanci da robar fitsari, a karɓi takardar turawa, sannan a kama hanya. A ɗauki zanin da ta yi aman a kai, likita ya ga launin da idonsa. In an isa, a faɗi abu huɗu tun daga bakin ƙofa: kwananta biyu, amanta kore ne, ba ta yi kashi ba, mararta a kumbure take. In an tambaya ko tana fitsari, kada a ce e. A ce ɗigowa yake yi.